Charles Fletcher: Likitan da ya buɗe wa jama'a ƙofar asibiti ta akwatin talabijin

A yau babu wanda zai yi mamaki idan ya kunna talabijin ya tarar da likita yana bayani a kan hawan jini ko ciwon suga, yana faɗa wa masu kallo abin da ke haddasa cutar da yadda ake kauce mata. A shekarun 1950 kuwa, likitan da ya yi haka a Birtaniya yana wasa ne da mutuncinsa a idon abokan aikinsa. Al'adar aikin a wancan zamani ita ce likita ya san ciwo, ya rubuta magani, majinyaci ya karɓa ya yi godiya. Daga cikin waɗanda suka fara karya wannan al'ada akwai Dakta Charles Montague Fletcher, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 1995. Ya yi aiki a gefen gadon majinyata, ya yi bincike a yankin mahaƙan kwal, sannan ya tsaya a gaban kyamara, kuma a duk wuraren nan ra'ayinsa ɗaya ne: yi wa mutum bayanin ciwonsa wani ɓangare ne na yi masa magani.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Charles Fletcher a birnin Cambridge na ƙasar Ingila ranar 5 ga Yuni, 1911, a gidan ilimi. Mahaifinsa, Sir Walter Morley Fletcher, masani ne a kan yadda sassan jiki ke aiki, kuma shi ne sakatare na farko na hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, muƙamin da ya riƙe tun daga 1914 har rasuwarsa a 1933. Ke nan yaron ya tashi a gidan da ake tattauna yadda gwamnati za ta kashe kuɗi a kan bincike, da yadda sakamakon binciken zai amfani jama'a.

Ya yi karatu a makarantar Eton, daga nan ya wuce Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge. Saurayi ne mai ƙarfin jiki, domin yana cikin tawagar da ta wakilci Cambridge a tseren kwale-kwale na shekara-shekara da Jami'ar Oxford a 1933. Aikin likita kuwa ya koye shi a asibitin St Bartholomew da ke Landan, inda ya kammala a 1937.

Bai daɗe da fara aiki ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A daidai wannan lokaci aka gano yana ɗauke da ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin ake rayuwa da shi. Ciwon ya hana shi shiga aikin soja kamar tsararrakinsa, ya kuma mayar da shi majinyaci na dindindin tun yana matashi. Ya yi fiye da shekara 50 yana yi wa kansa allura, yana auna abin da zai ci, yana fama da faɗuwar suga ba zato ba tsammani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya kwana ya tashi da cuta irin wannan ya san cewa likita ba ya bin majinyaci gida, don haka dole majinyacin ya fahimci abin da ke damunsa idan yana son tsawon rai.

Allurar penisilin ta farko

A farkon 1941 Fletcher yana aikin bincike a asibitin Radcliffe da ke Oxford. A cikin garin kuma wasu masana ƙarƙashin jagorancin Howard Florey da Ernst Chain suna ta ƙoƙarin tace wani sinadari daga fumfuna, wanda Alexander Fleming ya lura da shi tun 1928. Sun gwada shi a jikin ɓeraye sun ga yana kashe ƙwayoyin cuta, saura gwaji a jikin ɗan Adam. Suna buƙatar likitan asibiti da zai yi allurar ya kuma kula da majinyata, sai aikin ya faɗo a kan Fletcher, yana ɗan shekara 29.

Ranar 12 ga Fabrairu, 1941, ya yi wa wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander allurar penisilin. Mutumin yana da shekara 43, kuma wani rauni a fuskarsa ya ruɓe, cutar ta bazu har aka cire masa ido ɗaya, an kuma fid da rai da shi. Cikin kwana guda zazzaɓi ya fara sauka, ya soma cin abinci. Sai dai maganin ɗan kaɗan ne ƙwarai, har ta kai ana tara fitsarinsa ana mayarwa ɗakin gwaji domin a sake tace abin da ya fita a ƙara yi masa amfani da shi. Bayan kwana 5 maganin ya ƙare ƙaf. Cutar ta dawo, kuma Alexander ya rasu ranar 15 ga Maris.

Duk da wannan rashi, gwajin ya tabbatar da cewa maganin yana aiki kuma ba ya cutar da jiki. Wasu daga cikin majinyatan da suka biyo baya sun warke. Sunan Fletcher yana cikin marubutan rahoton da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a watan Agustan 1941, wanda ya share fagen sarrafa penisilin da yawa a Amurka da Birtaniya. A 1945 aka ba Fleming da Florey da Chain kyautar Nobel. Wannan aiki kaɗai ya isa ya sa a riƙa tuna Fletcher, amma shi a wajensa mafari ne kawai.

Shekara bakwai a yankin mahaƙan kwal

A 1945 hukumar binciken lafiya ta naɗa shi shugaban wani sabon sashe a asibitin Llandough, kusa da Cardiff a yankin Wales. Aikin sashen shi ne binciken cutar huhu da ƙurar kwal ke haddasawa. Dubban mahaƙa a kudancin Wales sun rasa aikinsu saboda ita, wasu ba sa iya hawa ɗan tudu sai sun tsaya sun huta. Batun ya wuce na lafiya kawai, domin diyya da fansho da abincin iyali duk sun rataya a kan abin da likita ya gani a hoton ƙirji.

A nan Fletcher da abokan aikinsa suka gano wani abu mai tayar da hankali. Idan aka ba ƙwararrun likitoci hoton ƙirji ɗaya, sai hukuncinsu ya sha bamban, har ma likita ɗaya kan saɓa wa kansa idan aka sake nuna masa hoton bayan wani lokaci. Ma'ana, mahaƙi na iya samun diyya ko ya rasa ta gwargwadon likitan da ya faɗa hannunsa. Sashen ya tsara hotunan misali waɗanda za a riƙa kwatantawa da su, aikin da ya shiga cikin tsarin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da shi daga baya. Ya kuma tsara wasu tambayoyi masu sauƙi na auna tsananin haki, kamar ko mutum yana iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsaransa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Ma'aunin da ya samo asali daga nan har yanzu ana amfani da shi a asibitoci.

Irin wannan bincike ba ya yiwuwa sai mutane sun yarda su fito a duba su, alhali mahaƙan suna da dalilin zargin duk wani likitan da hukuma ta turo. Dole ta sa masu binciken suka koyi zama da shugabannin ƙungiyar ƙwadago da mutanen gari, suna yi musu bayani da harshen da za su gane. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a sashen akwai Archie Cochrane, wanda sunansa ya shahara daga baya a fagen tantance hujjojin magani. A 1952 Fletcher ya koma Landan, makarantar horar da manyan likitoci da ke asibitin Hammersmith, inda ya zauna har ya yi ritaya.

Shigarsa talabijin

Komawarsa Landan ta zo daidai da lokacin da talabijin ke shiga gidajen talakawan Birtaniya. Bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1953 ya sa jama'a da dama sun sayi akwatin, kuma a 1955 aka buɗe tashar 'yan kasuwa da ta fara gogayya da BBC. A ɗaya ɓangaren, tun 1948 ƙasar ta kafa tsarin kiwon lafiya na kowa da kowa da ake gudanarwa da kuɗin haraji. Jama'a su ke biyan kuɗin asibitoci, amma mafi yawansu ba su san abin da ke gudana a bayan ƙofar ɗakin tiyata ba. Kafin wannan, a zamanin yaƙi, Dakta Charles Hill ya yi suna a rediyo yana ba da shawara a kan abinci da lafiyar yau da kullum. Nuna asibiti da aikin fiɗa a hoto mai motsi kuwa wani sabon al'amari ne.

Fletcher ya fara fitowa a shirye-shiryen lafiya na BBC tun a shekarun 1950, ciki har da wani jerin shiri a kan taɓin hankali. Amma wanda ya fito da shi sosai shi ne shirin Your Life in Their Hands, wato rayuwarka a hannunsu, wanda aka fara a watan Fabrairun 1958. Tsarin shirin shi ne a kai kyamara asibitoci daban-daban na ƙasar, a nuna likitoci da ma'aikatan jinya a bakin aiki, a ga na'urori, wani lokaci har a nuna yadda ake tiyata. Fletcher shi ne mai gabatarwa. Yakan yi bayanin cutar, ya yi wa ƙwararren da ke wurin irin tambayoyin da mai kallo zai so ya yi, ya kuma warware kalmomin likitanci masu nauyi. Miliyoyin mutane suka riƙa kallo.

Bai ajiye aikin asibiti ba. Ya ci gaba da duba majinyata da koyarwa da bincike a Hammersmith, kuma wannan ne ya ba maganarsa nauyi a wajen masu kallo, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai dai kuma shi ne ya sa ya zama abin sukar 'yan uwansa likitoci.

Fushin abokan aiki

Mujallar Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta yi wa shirin ca a sharhinta na edita, kuma wasiƙun likitoci suka yi ta kwarara. Hujjojin masu suka guda uku ne. Na farko, sun ce shirin zai cusa wa jama'a fargaba, mai lafiya ya fara jin alamun kowace cuta da ya gani a jikinsa. Na biyu, sun ce nuna tiyata biyan buƙatar masu son kallon jini ne, ya kuma mayar da likita ɗan wasan kwaikwayo. Na uku, ƙa'idar aikin ta haramta wa likita tallata kansa, shi ya sa aka saba likitocin da ke magana a rediyo da talabijin su ɓoye sunayensu.

Waɗannan hujjoji suna da nauyinsu. Gaskiya ne rabin sani kan jefa mutum cikin ruɗani, kuma gaskiya ne kyamara tana son abin da ke girgiza zuciya fiye da abin da ke ilimantarwa. Amma a ƙarƙashin muhawarar akwai tambaya mafi girma: shin ilimin jikin mutum na likita ne shi kaɗai, ko mai jikin yana da haƙƙi a cikinsa? A wancan zamani an saba a ɓoye wa mai ciwon daji sunan cutarsa, a faɗa wa danginsa a asirce. Matsayin Fletcher shi ne jahilci ya fi sani haifar da tsoro. Matar da ta ji ƙullutu a ƙirjinta ta ƙi zuwa asibiti don tana ganin tiyata hanyar kabari ce, za ta fi saurin zuwa idan ta ga wata an yi mata ta tashi.

Jama'a suka yanke hukuncinsu ta hanyar ci gaba da kallo. Shirin ya ɗore har 1964, aka kuma sake farfaɗo da shi bayan shekaru da wasu masu gabatarwa. Sannu a hankali ƙungiyoyin likitoci suka sassauta, har abin da aka zargi Fletcher a kansa ya zama aikin da su da kansu suke neman a ba su dama su yi.

Rahoton taba sigari na 1962

Amfanin abin da ya koya a gaban kyamara ya fi bayyana a batun taba sigari. Tun a 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga binciken da ya danganta shan taba da sankarar huhu. Sun bi shi da wani binciken a kan likitoci kimanin 40,000, wanda sakamakonsa na farko ya fito a 1954 ya ƙara tabbatar da batun. A 1957 hukumar binciken lafiya ta amince cewa taba ce sanadi. Duk da haka al'amura ba su sauya ba. Wajen kashi 70 cikin 100 na maza da kashi 40 na mata suna sha, baitulmali na samun kaso mai tsoka daga harajin taba, kamfanoni kuma suna ta talla. Hujja tana nan a cikin mujallu da fayil-fayil na ma'aikata, amma ba ta isa kunnen mai shan tabar ba.

Fletcher yana cikin waɗanda suka matsa wa Kwalejin Likitoci ta Sarauta da ke Landan ta tsoma baki. Shugabanta, Robert Platt, ya amince aka kafa kwamiti, Fletcher ya zama sakatarensa kuma shi ya ɗauki nauyin mafi yawan rubutun. Rahoton, mai suna Smoking and Health, wato shan taba da lafiya, ya fito ranar 7 ga Maris, 1962. Babu wani sabon bincike a cikinsa. Abin da ya bambanta shi shi ne an rubuta shi gajere, da harshen da ɗan jarida da ɗan majalisa da magidanci za su karanta su gane, aka sayar da shi a kasuwa, aka kuma kira taron manema labarai, abin da kwalejin ba ta saba yi ba.

Rahoton ya kuma fito da matakan da yake son gwamnati ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya: wayar da kan jama'a musamman yara 'yan makaranta, tsaurara hana sayar wa yara taba, taƙaita talla, taƙaita sha a wuraren taruwar jama'a, ƙara haraji, sanar da masu saye abin da ke cikin hayaƙin, da duba yiwuwar buɗe wuraren taimaka wa masu son dainawa. Jaridu da rediyo da talabijin suka ɗauka, aka fassara shi zuwa wasu harsuna. A watan Janairun 1964 babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da nasa rahoton, kuma a watan Agustan 1965 Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin.

Da ya ga gwamnati na jan ƙafa a kan sauran matakan, Fletcher ya taimaka wajen rahoto na biyu a 1971, kuma a wannan shekara aka kafa ƙungiyar ASH mai fafutukar yaƙi da shan taba, ya zama shugabanta na farko. Matakan da aka zayyana a 1962 su ne ƙashin bayan dokokin taba na ƙasashe da yawa a yau, har da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2003 da Dokar Taƙaita Shan Taba ta Najeriya ta 2015.

Binciken da ya ba mai shan taba dalilin dainawa

Duk wannan hidima ba ta raba shi da bincike ba. Daga 1961 ya jagoranci bin diddigin ma'aikata maza 792 a yammacin Landan na tsawon shekara 8, ana auna ƙarfin numfashinsu lokaci zuwa lokaci. Shi da Richard Peto da wasu suka fitar da sakamakon a littafi a 1976, sannan a mujalla a 1977. Sun nuna cewa ƙarfin huhun kowa yana raguwa da shekaru, amma a wasu masu shan taba raguwar tana sauri ƙwarai har ta kai su ga nakasa. Wanda ya daina ba zai dawo da abin da ya rasa ba, sai dai saurin lalacewar yana lafawa ya koma kusa da na wanda bai taɓa sha ba. An taƙaita wannan a zane ɗaya mai layuka kaɗan, wanda likitoci ke nuna wa majinyata har yau domin su gane cewa dainawa tana da amfani ko da an makara.

A 1973 ya wallafa littafi a kan sadarwa a aikin likita, inda ya yi kira da a koya wa ɗaliban likitanci yadda ake sauraron majinyaci da yi masa bayani, kamar yadda ake koya musu sauraron bugun zuciya. A wannan shekara ya zama farfesa, shekara 3 kafin ritayarsa a 1976. Bayan ritaya ya ci gaba da aiki da ƙungiyoyin majinyata, ya kuma rubuta labarin zamansa da ciwon suga a mujallar nan da ta taɓa sukarsa, domin likitoci su ji yadda cutar take daga bakin mai ita.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Charles Fletcher ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1995, yana da shekara 84. Ya bar matarsa Louisa, wadda ya aura a 1941, da 'ya'yansu.

Fagen da ya buɗe ya faɗaɗa fiye da yadda kowa ya zata, kuma wani ɓangare na fargabar masu sukarsa ya tabbata. A yau masu sayar da maganin gaibu da masu kiran kansu likitoci sun cika kafafen yaɗa labarai, kuma mai kallo ba koyaushe yake iya bambance ƙwararre da ɗan damfara ba. Rayuwar Fletcher ta nuna sharaɗin da ke raba su. Abin da ya faɗa wa jama'a abu ne da aka auna aka tabbatar, shi da kansa yana cikin masu aunawar, kuma ba shi da hajar da yake tallatawa.

Akwai kuma abin lura ga duk wanda aikinsa ya shafi rubuta rahoto ko shirya wa shugaba takarda. Hujjar illar taba ta yi shekara 12 a hannun masana da jami'an gwamnati ba tare da wani mataki na kirki ba. Da aka rubuta ta a sarari, aka jera abin da ya kamata a yi, aka kuma kai ta gaban jama'a, cikin shekara 3 aka fara sauya doka.